Salansa da ƙarfin inji: abin da ke faruwa a cikin bututun hayaƙi

A titunan garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, daga hanyar Jos zuwa ta Makurɗi, daga hanyar Shendam zuwa ta Doma, kunne kan riga ido sanin abin hawan da ke tafe. Akwai baburan haya ƙirar Bajaj Boxer da TVS masu sassanyar murya, akwai Keke Napep, akwai manyan motocin da ke ratsa garin ɗauke da doya da shinkafa. Akwai kuma babur ɗin da aka fasa wa salansa, wanda ƙararsa ke isa unguwa tun kafin mai shi ya iso. Mai irin wannan babur yakan ɗauka cewa ya buɗe wa injinsa hanyar numfashi, saboda haka ya ƙara masa gudu.

Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan zato, domin salansa tana da hannu dumu-dumu a ƙarfin da inji ke bayarwa. Sai dai aikin nata ya wuce buɗe hanya. Tsayin bututun hayaƙi, da faɗinsa, da wuraren da yake buɗewa ko tsukewa, su ne ke yanke hukuncin ko hayaƙin da ya fita zai taimaka wa inji ya shaƙi sabuwar iska, ko kuwa zai dawo ya tokare masa ƙofa. Bututun da aka auna waɗannan abubuwa aka daidaita shi da saurin juyin inji, shi ne masana kanikanci ke kira daidaitacciyar salansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura naira 500 a jihohi da dama cikin 'yan kwanaki, batun ya daina zama na masu son gudu kaɗai. Ya shafi aljihun duk wanda ke neman abinci da inji.

Numfashin inji

Yawancin injinan da ke kan titi a yau masu bugu huɗu ne, irin wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera a 1876. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska da fetur ta bawul ɗin shiga, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ƙonewar ta tunkuɗa shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta bawul ɗin fita. A cikin bugun nan huɗu, waɗanda ke cin juyi biyu na karanshaf, ɗaya ne tak ke ba da ƙarfi. Sauran ukun hidima ce. Yawan ƙarfin da bugu ɗayan zai bayar kuwa ya dogara ga yawan sabuwar iskar da ta samu shiga silinda, tunda fetur ba ya ƙonewa sai da iska: ana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai.

Matsalar ita ce fistin ba ya iya share silinda tas. Idan ya kai ƙololuwa, akwai ɗan filin da ke rage a samansa, inda ƙonewa ke farawa. A injin da ke matse iska ninki 9, wannan fili ya kai kashi ɗaya cikin 9 na dukan cikin silinda, kuma a ƙarshen bugun fitarwa cike yake da ƙonannen hayaƙi mai zafi. Duk gurbin da tsohon hayaƙi ya tare, sabuwar iska ta rasa shi.

Masu ƙera inji sun tanadi wata 'yar dama don magance haka. A daidai lokacin da fistin ke kaiwa ƙololuwa a ƙarshen bugun fitarwa, bawul ɗin shiga yakan fara buɗewa tun na fita bai gama rufewa ba. Na ɗan taƙaitaccen lokaci ƙofofin biyu a buɗe suke, kamar ɗakin da aka buɗe wa ƙofa da taga a lokaci guda. Idan a wannan lokacin akwai zuƙa a bakin bututun hayaƙi, sai ta janye ragowar hayaƙin, ta kuma fara jawo sabuwar iska tun fistin bai fara sauka ba. Idan kuwa matsi ne a wurin, hayaƙin sai ya koma silinda, wani lokaci har ya kutsa hanyar shiga. Dukan ilimin daidaita salansa a kan wannan 'yar taga ya ginu.

Amsa-kuwwa a cikin ƙarfe

Hayaƙi ba ya kwarara daga inji kamar ruwan famfo. Bawul ɗin fita yakan buɗe tun fistin bai kai ƙasa ba, a lokacin da matsin cikin silinda ya ninka na iskar waje sau da yawa, zafin hayaƙin kuma yana iya kaiwa digiri 700 zuwa 900 a ma'aunin Salsiyos. Don haka fitar tasa fashewa ce, kuma ita ce ƙarar da kunne ke ji. Wannan fashewa takan aika da igiyar matsi cikin bututu, wadda ke gudu da saurin sauti, ta tsere wa hayaƙin kansa nesa ba kusa ba. A iskar da ke da zafin digiri 20, sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa. A cikin hayaƙi mai zafi yakan kai mita 500 zuwa 600.

Wanda ya taɓa yin kira a bakin rijiya ya san murya tana dawowa. Haka igiyar matsi take: duk inda faɗin bututu ya sauya, wani ɓangare nata yakan juyo da baya. Abin lura shi ne kamar da take dawowa da ita. Idan ta ci karo da wurin da ya tsuke ko ya toshe, matsi take dawowa. Idan kuwa ta faɗa wurin da ya buɗe, kamar ƙarshen bututu ko mahaɗar da ta fi shi faɗi, sai ta juye ta dawo a matsayin zuƙa. Aikin mai daidaitawa shi ne ya zaɓi tsayin da zai sa wannan zuƙa ta iso bakin bawul a daidai lokacin da ƙofofin nan biyu suke buɗe.

Mabusan fada sun daɗe da sanin rabin wannan magana. Kakakin da ake busa wa sarki dogo ne, muryarsa kuma mai kauri ce, sarewa gajera ce, muryarta siririya. Tsayin bututu shi ke ƙayyade lokacin da igiya za ta ɗauka ta je ta dawo. Ga misali da lissafi: a bututu mai tsayin mita ɗaya, zuwa da dawowa mita biyu ne, kuma igiyar da ke gudun mita 550 a daƙiƙa za ta gama tafiyar cikin kimanin kashi 3.6 cikin dubu na daƙiƙa. Injin da ke juyi 6,000 a minti zai yi tafiyar digiri 130 a cikin wannan lokaci. Wanda ke juyi 3,000 kuwa digiri 65 kawai zai yi. Bututun ɗaya ne, igiyar ɗaya ce, amma a wuri dabam take tarar da fistin.

Daga nan ƙa'ida ta fito: dogon bututu yana taimakon inji a ƙaramin juyi, inda ake bukatar ƙarfin ja, gajere kuma yana taimakonsa a babban juyi, inda ake neman gudu. Wani ƙiyasin da maƙeran injinan tsere ke amfani da shi yana ba da kimanin santimita 75 ga injin da ake son ya fi ƙarfi a juyi 6,000, da fiye da mita ɗaya da rabi ga mai juyi 3,000. Babu tsayin da ya dace da kowane juyi. Bututun da ke kawo zuƙa a wani juyi, shi ne zai kawo matsi a wani, inda direba zai ji inji ya yi sanyi kamar an riƙe shi ta baya. Saboda wannan ne kamfanin Yamaha ya fito da wani bawul da ake sawa a cikin salansar manyan baburansa a 1987, mai suna EXUP, wanda ke tsuke hanya a ƙaramin juyi ya buɗe ta a babba.

Faɗin bututu shi ma yana da nasa hukuncin. Siririn bututu yana sa hayaƙi ya yi sauri, saurin kuma yana barin zuƙa a bayansa, amma idan juyi ya yi yawa sai ya shaƙe inji. Mai faɗi ainun ba ya shaƙewa, amma hayaƙi yakan yi kasala a cikinsa, ya huce, igiyoyin su raunana. A nan ne wata magana da ta yaɗu a garejoji ta samo asali, wato cewa inji yana bukatar a ɗan toshe masa hanya kafin ya yi ƙarfi. Masu faɗin haka sun ga abin da ya faru da idonsu: an sa ƙaton bututu, mota ta rasa ja. Fassarar ce ba daidai ba. Abin da motar ta rasa shi ne saurin hayaƙi da lokacin dawowar igiya. Toshewa ita kanta asara ce tsantsa, domin fistin ne ke biyan kuɗinta da ƙarfin da ya kamata ya tafi ga taya.

Direbobin tirela suna da hujjar wannan a ƙarƙashin ƙafarsu. Yawancin manyan motocin dizal suna da birkin salansa, wato wani marfi da ke rufe bututun hayaƙi da gangan. A gangaren da ke tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon, wanda matafiya suka san haɗarinsa, direban da ya san aikinsa yakan sauka da ƙaramar giya da wannan birki, injin ya riƙe motar, birkin taya ya huta. Abin da ke iya riƙe tirela mai lodi a gangara ba zai zama mai ƙara wa inji ƙarfi ba.

Inda salansa ta zama rabin inji

Duk abin da aka faɗa a sama ƙari ne ga inji mai bugu huɗu. Ga mai bugu biyu kuwa, rayuwa ce. Wannan shi ne injin tsofaffin baburan Suzuki da Yamaha, da Jincheng AX100 da 'yan acaɓa suka yi yayi kafin zuwan Boxer, da ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, da zarton inji na masu yankan katako. Ba shi da bawul. Tagogi ne a jikin silinda, fistin da kansa yake buɗe su ya rufe yayin da yake hawa da sauka. Tagar fitar hayaƙi ita ke fara buɗewa, ita ce kuma ke rufewa a ƙarshe. Ma'ana, bayan sabon fetur da iska sun shiga, ƙofar fita tana nan a buɗe, wani kaso nasu yakan bi hayaƙi ya fice ba tare da ya ƙone ba. Warin ɗanyen fetur da ke bin bayan irin waɗannan babura daga nan yake.

Maganin da aka samo shi ne salansa mai tumbi, wadda ta yi kama da mazurari biyu da aka haɗa baki da baki. Mazurarin farko yana buɗewa sannu a hankali, yana mayar da doguwar zuƙa da ke janye hayaƙi ta jawo sabon fetur cikin silinda, har wani ya zarce cikin bututu. Mazurari na biyu yana tsukewa, sai ya mayar da igiyar matsi, wadda ke isowa dab da rufewar taga, ta tura fetur ɗin da ya tsere ta mayar da shi ciki. Da wannan dabara silinda kan ƙunshi abin da ya fi wanda za ta iya zuƙa da kanta. A can ƙarshe akwai siririn bututun da ke sakin hayaƙin waje, kuma ko shi ba a yin sa da ka: idan ya cika ƙanƙanta, zafi yakan taru har kan fistin ya narke.

An fara gwada wannan siffa a baburan tsere na kamfanin DKW a farkon shekarun 1950, amma wanda ya kai ta ga balaga shi ne injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ da ke garin Zschopau a tsohuwar Jamus ta Gabas. Ba shi da kuɗin da abokan hamayyarsa suke da shi, sai haƙurin yanka gwangwani da walda da aunawa. A 1961 injinsa mai girman cc 125 ya ba da ƙarfin doki 25, wato doki 200 ga kowace lita, abin da ba a taɓa gani ba a injin da ba shi da na'urar cusa iska. A shekarar ce kuma matuƙinsa, Ernst Degner, wanda ke dab da cin kambun duniya, ya tsere zuwa Yamma bayan tseren ƙasar Suwidin, ya koma kamfanin Suzuki da abin da ya sani. A 1962 Degner ya ci wa Suzuki kambun duniya na farko a ajin cc 50. Baburan Japan masu bugu biyu da suka cika kasuwannin Afirka daga baya sun ci gajiyar wannan ilimi, ko da yake a babur ɗin titi ana sassauta siffar, a ɓoye ta a cikin doguwar salansa mai ƙyalli, don inji ya yi biyayya a kowane juyi.

Wannan ne dalilin da ya sa fasa salansar mai bugu biyu ya fi kowace ɓarna tsada. Da zarar an huda tumbin ko an yanke mazurarin baya, igiyar da ke mayar da fetur ta tafi, kuma mai babur zai riƙa zubar da mai a titi yana jin daɗin ƙara. Haka nan baƙin man da ke ƙonewa tare da fetur yakan bar dasƙararren gawayi a tagar fita da cikin salansa, ya tsuke hanya, ya sauya faɗin da aka auna. Kanikawan da ke cire salansa su ƙona ta da wuta su kakkaɓe gawayin suna kan daidai, kuma sau da yawa babur ɗin da ake shirin sauke wa inji wannan kaɗai yake bukata. Zamanin irin wannan inji yana shuɗewa saboda hayaƙinsa. A 2015 Hukumar Kwastam ta sanar da hana shigo da ƙananan janaretocin da ke aiki da shi, amma waɗanda suka riga suka shigo suna nan a shaguna da gidaje.

Silinda huɗu, bututu ɗaya

A motoci irin su Golf da Sharon da Corolla da ke jigila tsakanin Lafiya da Abuja, silinda huɗu ne ke zuba hayaƙi a hanya guda, kowace da lokacinta. Tsarin tashin wutar da aka fi sani shi ne 1, 3, 4, 2. Idan aka haɗe su a gajeriyar mahaɗa ta ƙarfen zubi, fashewar silinda ta 3 takan iso bakin ta 1 a daidai lokacin da ita ta 1 take buɗe ƙofofinta biyu, ta cusa mata hayaƙi. Don guje wa haka ake ba kowace silinda bututunta mai tsayi daidai da na 'yan'uwanta. Wasu sukan haɗa huɗun a wuri ɗaya, wanda ya fi amfani a babban juyi. Wasu kuma sukan haɗa 1 da 4, su haɗa 2 da 3, sannan su haɗe biyun a gaba, domin kowace silinda ta yi tarayya da wadda ta fi nisa da ita a lokacin tashin wuta. Wannan tsari na biyu ya fi ba da ja a matsakaicin juyi, inda motar haya ke yini.

Ribar ba ta tsaya ga gudu ba. Silindar da aka share wa ragowar hayaƙi ta fi sanyi, don haka ana iya ƙara mata matsi ba tare da inji ya yi ƙwanƙwasa ba, ƙarin matsi kuma yana rage shan mai. Kamfanin Mazda ya bi wannan hanya a motarsa CX-5 ta 2012, inda doguwar mahaɗar hayaƙi ta taimaka masa ya kai matsin injin fetur ninki 13, a wasu kasuwanni ma 14.

A ƙasan mahaɗar akwai tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawan Najeriya suka laƙaba wa suna indomi saboda cikinta ya yi kama da dunƙulen taliyar. Saƙar tangaran ce mai dubban ƙananan ramuka, an shafe ta da ƙarafa masu daraja irin su filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke sauya gubar hayaƙi zuwa abin da ya fi sauƙin illa. Motocin Amurka sun fara ɗaukarta gadan-gadan a 1975. Darajar ƙarafan ce ta sa ake sace ta, ita ce kuma ta sa wasu ke saurin ba mai mota shawarar a cire ta wai don mota ta sake. Lafiyayyar tukunya ɗan ƙarfi kaɗan take ci. Wadda ta narke ko ta toshe tana shaƙe inji da gaske, amma toshewar alama ce ta wani ciwo, galibi fulogin da ba ya ba da wuta ko injin da ke shan baƙin mai, kuma ciwon yana nan bayan an cire ta. Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba. A gaban tukunyar akwai na'urar da ke shinshinar iskar oksijin a cikin hayaƙi tana gaya wa kwamfutar mota yawan fetur ɗin da za ta saki. Idan mai walda ya bar ɗan huji a gaban wannan na'ura, zuƙar da ke bin bayan kowace fashewa takan jawo iskar waje ta hujin, na'urar ta ɗauka fetur ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. Mai mota zai ga mai yana zurarewa, bai san walda ce sila ba.

A motocin dizal masu tobo lissafin ya sauya. Fashewar hayaƙi ita ke juya farfelar tobo, kuma a can igiyoyin ke ƙarewa, saboda haka abin da ake bukata a bayanta shi ne hanya mai faɗi marar lanƙwasa da yawa.

Injinan da ba sa tafiya

Daidaita salansa ya fi cin riba a injin da ke zama a juyi ɗaya. Ƙananan jiragen sama masu fistin, irin waɗanda ake koyon tuƙi da su a makarantu kamar Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, misali ne: injinan Lycoming da ke cikin da yawa daga jiragen koyo a duniya ba sa wuce juyi 2,700, kuma akwai kamfanonin da ke ƙera musu daidaitacciyar salansa, wadda ba a ɗaura ta sai da amincewar hukumar kula da sufurin sama. Janaretan gida ma haka yake, yana zaune a juyi 3,000 don ya ba da wutar da ta dace da kayan lantarkin ƙasar nan.

Amma abin da aka fi yi wa janareta shi ne a jona masa dogon bututun ruwa siriri don a kai hayaƙi bayan katanga. Niyyar tana da kyau, domin hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, kuma ta sha hallaka iyalai a cikin barci. Sai dai siririn bututu mai gwiwoyi yana shaƙe inji, ya sa shi zafi da shan mai, kuma duk mahaɗar da ta yi yoyo a cikin gida ta mayar da haɗarin inda aka gudo. Idan jonin ya zama dole, bututun ya fi na asali faɗi, ya zama gajere kuma miƙaƙƙe. Ajiye janaretan a fili, nesa da taga, shi ne abin da masana lafiya ke shawarta.

Injin Lista mai silinda ɗaya, wanda aka sani a wuraren niƙa da casar shinkafa, yana can ɗaya ƙarshen. Tsohon samfurinsa yana juyi 650 ne kacal a minti, kuma da za a bi ƙiyasin nan na masu tsere, bututunsa zai wuce mita 7. Ba mai yin haka. Abin da yake nema shi ne hanya mai faɗi da ba ta cika da gawayi ba.

Abin da mai babur ya saya da ƙara

Boxer mai cc 100 yana ba da kimanin ƙarfin doki 8, kuma sai ya kai wajen juyi 7,500 yake ba da shi. Ko da fasa salansa ta ƙara masa kashi 5 cikin ɗari a can sama, ƙarin bai kai rabin doki ba, kuma a juyin da ɗan acaɓa ba ya zama a cikinsa. Aikin babur ɗin haya a ƙasa yake: tashi daga tsaye da fasinja biyu, ko jan buhun rogo a hanyar ƙauye da damina. A nan ne salansar kamfani, da dogon bututunta siriri, take ba da taimakonta, a nan ne kuma fasasshiya ke ragewa. Sai matuƙi ya riƙa murɗa totur yana jinkirta sauya giya don ya cike giɓin, ƙarar kuma tana gaya masa cewa gudu yake yi. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai kuma kafireta, wadda aka auna ƙofofin fetur ɗinta da salansar asali. Idan aka sauya yadda hayaƙi ke fita ba a sake daidaita ta ba, sau da yawa fetur yakan yi wa iska kaɗan. Alamominsa su ne harbi a salansa idan an saki totur, da fulogin da bakinsa ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa, da zafin da kan ƙone bawul ɗin fita. A zafin watan Maris da Afrilu na kwarin Binuwai, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ba shi da rarar da zai jure wannan. Yanayin wuri ma yana shiga lissafin: inji marar tobo yana rasa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100 ta hawa, saboda haka motar da ta taso daga Lafiya ta hau tsaunin Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, za ta yi sanyi da kusan kashi 10, kuma babu laifin salansa a ciki.

Ta fuskar doka, ƙa'idojin hanya na ƙasa sun wajabta wa abin hawa salansa mai aiki, kuma jami'an duba lafiyar motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗurra suna da hurumin tsayar da wanda ya saɓa. Hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da dokar taƙaita ƙara ta 2009 da ta hayaƙin ababen hawa ta 2011. Masana lafiyar kunne sun sa iyakar ƙara a desibel 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Kunnen da ya fi kowane kusa da fasasshiyar salansa, daga safe har dare, na matuƙin ne.

Wanda ke son sanin ko wata salansa ta amfane shi yana iya gwadawa ba tare da na'urar awo ba. A cika tanki har baki, a yi tafiya ɗaya da kaya iri ɗaya a hanyar da aka sani, kamar daga Lafiya zuwa Doma da dawowa, a sake cikawa a rubuta abin da ya sha. A nemi wani tudu a hau shi da giya ɗaya, wani ya riƙe agogo. Sai a sauya salansa a maimaita duka biyun a irin wannan lokaci na rana, har sau uku, sannan a kwance fulogi a duba launin bakinsa.